Akwati uku, sifili goma sha ɗaya: wanne ne na NIN?

Malam Habibu (Tudun Wada): Assalamu alaikum 'yan uwa. Tun da aka saka ni a zauren nan ban taɓa cewa uffan ba, saurare kawai nake yi. Yau dai abin ya ishe ni. Ga wanda bai san ni ba, ni makaho ne, malamin makaranta, manhajar da ke karanta min allo da murya nake amfani da ita, TalkBack a waya, NVDA a kwamfuta. Daren jiya na zauna cike fom ɗin neman tallafin ƙaro karatu na wata ƙungiya, ba zan kama suna ba. Shafin farko ya wuce lafiya. Da na shiga na biyu na taɓa akwatin farko, waya ta karanto min sifili har goma sha ɗaya. Na matsa na gaba, sifili goma sha ɗaya. Na uku ma haka. To lambar waya guda goma sha ɗaya ce, NIN goma sha ɗaya, BVN goma sha ɗaya. Wanne zan sa a ina? Sai da na tashi 'yata daga barci wajen sha ɗaya da rabi. Ita ta gaya min ashe akwai ɗan hoto a gefen kowane akwati: na farko hoton waya, na biyu kati, na uku ginin banki. Babu rubutaccen suna ko ɗaya. Ku da kuke gina waɗannan abubuwa, don Allah me ke hana ku rubuta sunan akwati?

Yaya Nura: Wa alaikumus salam Malam. Allah ya ba da haƙuri. Wannan tambaya tamu ce, kar kowa ya yi shiru.

Zainab (Kawo): Malam sannu. Na san abin da suka yi ko ban ga shafin ba. Sun cire lebul, wato rubutaccen sunan akwati, gaba ɗaya, sun bar rubutun nan mai launin toka da ke zama cikin akwati kafin a fara rubutu, wanda muke cewa filesholda. Idan akwati ba shi da lebul, burauza takan ɗauki filesholda ta miƙa wa TalkBack a matsayin sunansa, don ba ta da wani abin da za ta ba shi. Su kuma misali suka sa a ciki, shi ya sa sunan akwatin ya koma sifili goma sha ɗaya.

Injiniya Bashir: Malam, wallahi na ji ba daɗi, kuma waɗannan sun yi kuskure. Amma bari in faɗi ɓangarenmu don a yi adalci. Kuskurensu shi ne sa sifili. Da sun rubuta "Lambar NIN" a cikin filesholdar, da waya ta karanta maka daidai, magana ta ƙare. Ni kaina haka nake yi. Yawancin mutanenmu ƙananan Tecno da itel ke hannunsu, in ka ɗora lebul a kan kowane akwati fom ya yi tsawo kamar layin mai, mutum ya gaji ya fita. Ga mai aikin ma, da ya ga rubutu ya yi yawa sai ya ce shafi ya yi cunkoso, a rage. Yanzu haka akwai fom ɗin ɗaukar ɗalibai da na yi wa wata makaranta, akwati goma sha huɗu, duk filesholda ne, kuma ba wanda ya kawo ƙara.

Malam Habibu (Tudun Wada): Injiniya, wanda ya kasa cike fom ba ya kawo ƙara wurinka. Kafe yake tafiya ya biya a cike masa, ko ya haƙura. Ba za ka taɓa jin labarinsa ba.

Abban Khadija (mai kafe, Rigasa): Wurina suke zuwa, ni zan ba da shaida. Kuma Injiniya, ka cire maganar makafi ma tukuna, masu ido biyu nake magana. Abu biyu nake gani kullum. Na farko, mutum ya ga rubutu a cikin akwati sai ya ɗauka an riga an cike. Akwai wani dattijo da ya zo da wayarsa yana faɗa wai shafi ya ƙi wucewa alhali komai a cike yake. Na karɓa na duba, akwatin ƙaramar hukuma ne, an sa misali a ciki da launin toka, shi kuma ya ga sunan gari ya ce ai sun sani. Na biyu ya fi cin rai. Kana cikin cike wa mutum, ka sa lamba huɗu, sai a ɗauke wuta ko wani ya kira ka. Ka dawo ka tarar da akwati da rabin lamba a ciki, sunan akwatin ya ɓace tun da ka danna harafin farko. Dole ka goge abin da ka rubuta don ka ga me ake tambaya, sannan ka sake. Lokacin rajistar jarrabawa da mutum talatin ke tsaye a kaina, wannan ba ƙaramin ɓata lokaci ba ne.

Sai kuma dubawa ta ƙarshe. Kafin in danna turawa nakan juya wa mai fom allo in ce duba ko daidai ne. In babu lebul, abin da zai gani jerin sunaye da lambobi ne kawai, ba ya iya gane an sa sunan mahaifi a wurin sunansa. Gyaran suna kuwa kun san wahalarsa a ƙasar nan, har kotu ake zuwa rantsuwa.

Hajiya Maman Ihsan (Malali): Ni ba mai gina shafi ba ce, ɗana ne ya sa ni a nan saboda sana'ar turarena. Amma wannan rubutu mai toka-toka ni ba na ganinsa sam. Shekarata hamsin da bakwai, da tabarau nake karatu. In ina shago da rana, hasken waje ya bugi waya, akwatunan nan fari fat nake ganinsu kamar ba a rubuta komai ba. Sai na shiga can ciki na kare da mayafi.

Zainab (Kawo): Hajiya, ba idonki ba ne kaɗai, abin yana da ma'auni. Ƙa'idojin WCAG na sauƙaƙa shafuka ga masu buƙata ta musamman, waɗanda W3C, ƙungiyar da ke tsara ƙa'idojin shafukan intanet, ta fitar, sun ce bambancin haske tsakanin ƙaramin rubutu da bangonsa kada ya gaza 4.5 zuwa 1. Launin toka mai lamba #999999 a kan fari, wanda masu zane ke so sosai, kusan 2.8 ne kawai. Wanda ya fi shi haske, #cccccc, kusan 1.6 ne. To ga inda gizo ke saƙar, Injiniya: in ka bar shi da haske, Hajiya ba ta gani. In ka ƙara masa duhu yadda za ta gani, dattijon Abban Khadija ya ɗauka an cike. Ko ta ina ka ɓullo akwai wanda ka bari a baya, domin an ɗora wa filesholda aikin da ba nata ba. Ƙa'idar HTML ɗin kanta, yaren da ake gina shafi da shi, ta faɗa ƙarara cewa kada a yi amfani da ita a madadin lebul.

Injiniya Bashir: Ƙanwata, na yarda da maganar launi. Amma tsawon fom fa? Ba ki amsa wannan ba.

Zainab (Kawo): Yaya Bashir, mutane sun saba da jan allo sama, duk yini abin da suke yi a Facebook da TikTok ke nan. Layi ɗaya a kan kowane akwati ba shi ke korar mutum ba. In fom ya yi tsawo, tambayoyin ne suka yi yawa. A cikin goma sha huɗun nan naka na tabbata akwai waɗanda makarantar ba ta buƙata a ranar farko. Ka rage su, ko ka raba shafi biyu.

Sadiq (ɗalibi, Kadpoly): Anti Zainab don Allah a nuna mana yadda ake yi. Ni a aikin da na yi na makaranta na rubuta sunan a saman kowane akwati da div, wato rubutu kawai ba lebul ba, ana gani sarai. Ya wadatar?

Zainab (Kawo): Bai wadatar ba Sadiq, kuma wannan ne kuskuren da ya fi yawa saboda a ido komai lafiya. Kai kana ganin rubutu kusa da akwati sai ƙwaƙwalwarka ta haɗa su. Manhajar karanta allo ba ta da wannan, sai ka ɗaura mata su da hannunka. Ga shi:

`<label for="nin">Lambar NIN</label>`
`<p id="nin-bayani">Lambobi 11, ba tazara</p>`
`<input id="nin" inputmode="numeric" aria-describedby="nin-bayani">`

Abin da ke cikin for dole ya zama daidai da id ɗin akwatin, harafi da harafi, kuma kada id ɗaya ya maimaitu a shafi. Bayanin yadda za a rubuta ya zauna a waje inda ba zai ɓace ba, aria-describedby ya haɗa shi da akwatin don a karanta wa Malam bayan sunan. Ka lura ban sa type="number" ba. NIN da lambar waya ba adadi ba ne da za a yi lissafi da su, kuma in aka ɗauke su a matsayin adadi sifilin farko na iya salwanta a hanya. Na waya ka sa type="tel".

Gwajin da kowa zai iya yi, har Abban Khadija a kafe: taɓa rubutun sunan da yatsa. In alamar rubutu ta faɗa cikin akwatin, an ɗaura. In ba abin da ya motsa, ado ne kawai.

Abban Khadija (mai kafe, Rigasa): Yanzu na gwada a shafuka uku da ke buɗe a gabana. Ɗaya ne kawai ya motsa.

Malam Habibu (Tudun Wada): Irin na Sadiq ɗin nan shi na fi haɗuwa da shi. A NVDA in ina tafiya da maɓallin Tab daga akwati zuwa akwati, ba abin da yake cewa sai "edit", wato wurin rubutu, shi ke nan. Sai in fita daga yanayin cike fom, in koma baya in karanta rubutun da ke kusa, in yi hasashen na wannan akwatin ne ko na wanda ke samansa, in sake shiga. A kowane akwati fa. Fom ɗin da zai ɗauke ku minti biyar ni sai ya ci min minti arba'in, kuma a ƙarshe ba ni da tabbas.

Abin da ya fi damuna ba lokacin ba ne. Duk sanda na kasa, sai na karanta wa wani NIN ɗina da BVN da ranar haihuwata da baki. Ana ta gargaɗin jama'a a rediyo kada a ba kowa waɗannan lambobi, ni kuwa dole ta sa nake bayarwa. Jiya 'yata ce, alhamdu lillahi. Wata rana yaron da ban taɓa sani ba ne a shago, ga mutane tsaye suna ji. Ina da digiri, ina koyar da yara, na iya buga rubutu ba tare da kallon allo ba. Ba taimako nake roƙo ba, a rubuta sunan akwati kawai in cike abina.

Hajiya Maman Ihsan (Malali): Allah sarki Malam. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Injiniya Bashir: Malam, maganar BVN ta shige ni, ban taɓa kallon abin ta nan ba. To ga shawara: in bar zanen yadda yake don mai aiki ya gamsu, in ƙara aria-label, wato ɓoyayyen suna, a kowane akwati. Ido ba zai gani ba, TalkBack zai karanta. Kowa ya samu.

Zainab (Kawo): Malam ya samu, Hajiya da Abban Khadija ba su samu ba. Har yanzu sunan zai ɓace musu da an fara rubutu. aria-label yana da wurinsa, misali akwatin bincike guda ɗaya da ke da maɓallin nema a gefe, kowa ya san me ake nufi. Amma fom mai akwati goma sha huɗu, a'a. Kuma yana da wata illa: tun da ba a ganinsa, mantawa ake yi da shi. Bayan wata shida a canza akwatin daga "Sunan uba" zuwa "Sunan mai kula", a bar tsohon aria-label, waya ta riƙa gaya wa Malam abin da ba shi ne ba, ba kuma wanda zai lura. Akwai kuma masu sarrafa waya da murya saboda lalurar hannu, su abin da suka gani a allo suke furtawa, in ya saɓa da sunan da ke ɓoye umarnin ba zai yi aiki ba. Shi ya sa WCAG 2.1 ta 2018 ta ƙara sharaɗin cewa sunan ɓoye ya ƙunshi abin da ke rubuce a fili.

Sadiq (ɗalibi, Kadpoly): To wanda ke tashi sama fa? Irin na Material Design, sunan yana cikin akwati, kana taɓawa ya ƙanƙance ya hau sama.

Injiniya Bashir: Yawwa Sadiq, wannan nake shirin kawowa.

Zainab (Kawo): Ya fi filesholda zalla nesa ba kusa ba, in dai da label na gaske aka yi shi, don sunan ba ya ɓacewa. Ba zan ce haramun ne ba. Amma ni ba na zaɓarsa. In ya hau sama ƙanana yake komawa, Hajiya ta sake shiga uku. Kafin a taɓa shi kuma akwatin na kama da cikakke. Sannan wurin da kake cewa ka tanada, ai dole ka bar masa filin da zai hau, ribar kaɗan ce. Ku duba fom ɗin shafukan gwamnatin Birtaniya, GOV.UK: baƙin rubutu manya a saman akwati, bayani a ƙarƙashinsa, akwatin fayau ba komai a ciki.

Injiniya Bashir: A nan kam ban sallama ba. In aka yi shi da girman rubutu mai kyau da launi mai duhu, ban ga laifinsa ba, kuma shi ne abin da zan iya shawo kan mai aiki da shi.

Yaya Nura: Ku bar wannan a haka, kowa ya faɗi hujjarsa. Ni abin da nake so in ƙara, kada mu ɗauka matsalarmu ce mu kaɗai. Cibiyar WebAIM, mai aiki kan sauƙaƙa intanet ga masu buƙata ta musamman, na binciken shafukan farko na manyan gidajen intanet miliyan ɗaya duk shekara tun 2019, kuma akwatin da ba lebul kullum yana cikin kurakuran da suka fi yawa, tare da rubutu maras duhu da hoton da ba bayani. Mu kuma daga irin waɗannan muke kwafo samfuri. A gida kuma muna da dokar hana nuna wa masu buƙata ta musamman wariya ta 2018, wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019, har ta ba gine-ginen jama'a shekara biyar su gyara hanyar shiga. Yau neman aiki, neman makaranta, buɗe asusu, rabinsu sun bar ofis sun koma fom. In mun gane amfanin gangaren keken guragu a ƙofar banki, bai kamata wannan ya yi mana wuyar ganewa ba.

Abban Khadija (mai kafe, Rigasa): Tun da ana gyara, a haɗa da ranar haihuwa. A sa 00/00/0000 a ciki, kana fara rubutu ya ɓace, ba ka san rana ce farko ko wata ba. Wasu samfuran na Amurka ne, wata ke gaba. Wanda aka haifa 5 ga Maris sai ya koma 3 ga Mayu, kuma shafin ba zai ce komai ba tun da duka biyun ranaku ne.

Zainab (Kawo): Akwati uku, kowanne da sunansa: Rana, Wata, Shekara. A kewaye su da fieldset, wanda ke haɗa akwatuna rukuni ɗaya, a sa "Ranar haihuwa" a legend, wato sunan rukunin. Haka ma zaɓin namiji ko mace, in ba legend Malam zai ji zaɓin amma ba zai ji tambayar ba.

Malam Habibu (Tudun Wada): Da saƙon kuskure. Sau da yawa in na danna turawa shiru nake ji, ashe wani akwati ne ya yi ja a can sama. Ja ba ya magana. A rubuta da kalmomi wane akwati ne kuma me ya same shi.

Hajiya Maman Ihsan (Malali): Ni kuma roƙona, in za ku rubuta da Hausa ku rubuta yadda muke faɗa. Na taɓa ganin "Sunan ƙarshe", na tsaya ina tunani. Mu sunan mahaifi muka sani, wasu kuma sunan gari suke sawa. Kuma wata 'yar uwata mai ɗ a sunanta, fom ya ce mata wai ta sa haruffa kawai.

Sadiq (ɗalibi, Kadpoly): Wannan daga tantancewar ne Hajiya, an ce a karɓi a zuwa z kawai, sai ƙ da ɗ da ɓ suka zama baƙi. Zan duba nawa, ina jin ni ma haka na kwafo.

Injiniya Bashir: Jama'a na dawo. Bayan la'asar na kunna TalkBack a wayata, na kife fuskar allon daga idona, na gwada cike fom ɗin makarantar nan da na ce ba a kawo ƙara ba. Ban kai akwati na shida ba. Wurin ajin da ake nema da wurin jinsi duk ba su da suna, zaɓin kawai yake karantowa. Wurin loda hoton yaro kuwa "button" kawai ya ce. Ni na gina shi da hannuna amma na rasa inda nake. Na zauna na sa label a duka, na fitar da misalan waje, na cire akwati uku da ba a buƙata. Mai tashi saman na bar shi a akwatin suna da na adireshi, Zainab ki yi haƙuri, sai na ga yadda mai makarantar zai karɓa. Malam, in ba damuwa zan turo maka ta akwatin sirri ka gwada min, kuma aikin gwaji ne, zan biya.

Malam Habibu (Tudun Wada): Turo Injiniya, Allah ya yi albarka.

Malam Habibu (Tudun Wada): Na gwada a waya da kwamfuta. Akwati goma sun faɗi sunansu daidai, na cike su ni kaɗai cikin minti shida. Saura ɗaya: na lambar wayar mai kula da yaro yana karanta min "Lambar wayar uba", kuma in na taɓa shi ta wurin sunan sai ya mayar da ni akwatin sama. Sannan na bar ajin da gangan ban zaɓa ba na danna turawa, bai ce min komai ba.

Zainab (Kawo): id ɗaya ka sa wa akwatin biyu, Yaya Bashir, kwafowa ka yi ba ka canza ba. Na saƙon kuskuren kuma ka mayar da alamar rubutu kan akwatin da ya samu matsala, ka haɗa saƙon da shi ta aria-describedby.

Injiniya Bashir: Na gani, layi na 88 ne. Bari in yi sallar isha'i in gyara. Malam gobe da safe kafin ka shiga aji zan sake turowa.

Malam Habibu (Tudun Wada): Ina shiga aji takwas saura kwata. Ka turo kafin bakwai. Abban Khadija, kai ma ka buɗe shi a babbar kwamfutarka ka ga ko ranar haihuwar ta fito yadda ka ce.